Daɓen Biba

Litinin, 29 ga Yuli 1985, bayan asuba

An kwana ana ruwa. Shekara biyu muna roƙo, yau ga shi ya zo har da ƙari, alhamdulillahi. Na fito da buta na iske tsakar gida ta zama tabki, kajin maƙwabta sun haye bisa turmi sun yi tsuru-tsuru.

Wanga kaye da nake rubutu ciki littafin shantiye ne, saura daga lokacin da nake aikin gini. Tun da na aje aiki ban samu abin rubutawa ba sai yau.

Na buɗe ɗakin matata Biba kamar kowace safiya, na ratsa na zuba bokiti guda a kabinenta, wato masai na jikin ɗakin, don kada ruwan wuyan kujerar ya bushe wari ya hau. Ni ba na shiga nan, tsohuwar salga nake zuwa, amma bokitin ban taɓa fashinsa ba. Da zan fito na ga danshi gindin bangon kudu, faɗin tafi biyu. Ruwan sama ne. Na rufe.

Laraba, 31 ga Yuli, hantsi

Danshin ya kai tsawon hannu. Ruwan sama ne.

Alhamis, 1 ga Agusta, bayan la'asar

Kalla ya shigo neman kajinsa. Taubashina ne, ɗan kawuna, maƙwabcina ta arewa, tsohon mai haƙar rijiya. Tun muna yara Karofane ba mu taɓa gaisawa babu zagi ba. Ya tsaya tsakar gida ya ɗaga hanci ya ce, "Isiyaku, mi ya mutu gidanka?" Na ce, "Kai ka shigo da shi, shinshina rigarka." Ya yi dariya, amma hancin bai sauka ba. Ya ce, "Warin fos ne wanga, ramin masai. Ni na haƙa ta, na san ta."

Bari in rubuta yadda anka yi kabinen nan, kada wani ya karanta bayana ya ce tsoho hauka ya yi da ya kawo masai jikin ɗaki. Mu da munka tashi, salga can ƙarshen gida take, bayan rumbu. A haƙa rami, a kifa tsohon tulu a bakinsa, a riƙa zuba toka, in ta cika a rufe a haƙa wata. Ba ta yoyo, ba ta toshewa, ba ta neman kowa. Tamu taki arba'in da biyu ce daga ƙofar Biba. Na ƙidaya su shekarar da ƙafafunta sunka kumbura, tana tafiya tana dafa bango, tana hana ni riƙe ta. Wata rana na dawo masallaci na iske ta zaune ƙasa a taki na talatin, zani ya jiƙe, tana kuka babu sauti. Shekara talatin da huɗu muna tare ban taɓa ganin ta haka ba. Ran nan na yi rantsuwa.

Na samo kujerar tangaran daga wani tsohon gidan Nasara da anka rushe. Na huda bangon ɗakinta na arewa na yi ƙofa, na tada ɗan ɗaki jikinsa, taki huɗu daga gado. Yadda na zana abina, mai zama zai dubi yamma, tiyo ya fita ta gabas, fos tana can waje, babu abin da ya shafi ɗaki. Aiki mai tsabta. Sai ta leƙo tana dafe da ƙyaure ta ce, "Magini, ina gabas take nan?" Haka take kirana, Magini. Na nuna mata. Ta ce, "To baya za ka sa in ba alƙibla? Abin da ban yi ba tun ina yarinya, sai yanzu da na kusa tahiya?" Na ce lalura ce, ko malamai sun yi sauƙi in cikin gini ne. Ta ce, "To malaman su zo su zauna bisa."

Na juya kujera ta dubi arewa. Da na juya ta, gindinta ya koma jikin ɗaki, tiyo ba shi da hanya sai ta ƙarƙashin ɗakinta ya miƙe kudu. In na ce in zagaya da shi, gwiwa biyu ke nan, kuma duk inda gwiwa take nan toshewa ke kwana. Na fasa tsohon daɓe na binne shi miƙe, Kalla ya haƙa fos ta kudu. Ranar da ta fara shiga ta fito tana dariya, ta ce ta zama matar kumandan.

Juma'a, 2 ga Agusta, bayan masallaci

Na zuba bokiti. Na rufe. Akwai ƙudaje ƙanana bisa bangon.

Asabar, 3 ga Agusta, azahar

Na yi abin kunya, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Na tafi wurin Kalla gindin itacen bedi na ce masa rariyar gidansa ce ke zubo min ruwa gindin ɗaki, ya gyara ta. Ya aje goron da yake ɓarewa ya dube ni ya ce, "Rariyata arewa take, danshinka kudu. Tsalle ruwan ya yi bisa ɗaki?" Mutanen wurin sunka kwashe da dariya. Da ya tsaya nan da na zage shi na wuce, an gama. Sai ya sassauta murya ya ce, "Taubashi, tiyonka ne ke yoyo ƙarƙashi. Fasa daɓen ka duba tun bango bai ci ba."

Wai in fasa daɓen! Na ce masa mai haƙar rami bai isa ya koya min gini ba. Na ce ƙafarsa kada ta sake taka gidana. Ba da wasa na faɗa ba, kuma duk sun ji ba da wasa ba ne, don dariyar ta tsaya. Ya ɗauki goronsa ya ci gaba da ɓarewa.

Litinin, 5 ga Agusta, la'asar sakaliya

Na ɗaga murfin fos. Innalillahi! Cike take fal har baki, tana neman ambaliya. Ashe murfin ya tsage, kuma indararon ɗakin daidai bisansa yake zuba. Shekara biyu na fari wa ya kula da inda indararo ke zuba? Duk ruwan rufin nan cikinta yake shiga, in ta cika ya koma baya cikin tiyo.

To ga dalili na samu. Na haƙa rami can bayan rumbu, na ɗaure hanci da rawani, na yi ta kwasa da bokiti tun hantsi har bayana ya ƙi miƙewa. Na rufe ramin da toka da ƙasa. Na ƙara ma indararo kwano ya zuba nesa, na cike tsagar murfi da siminti. Na yi wanka sau biyu da sabulu, har yanzu ina jin abin a hancina.

Da Biba na nan da ta tsaya nesa ta toshe hanci tana min tsiya, daga baya in iske hura mai sanyi bakin ƙofa.

Gobe zai bushe.

Laraba, 7 ga Agusta, safe

Bai bushe ba.

Alhamis, 8 ga Agusta, hantsi

Na zura waya ta bakin fos, irin wadda muke buɗe toshewa da ita, mai ƙugiya a kai. Ta shiga sumul, ta wuce ƙarƙashin bango, ta ƙara tsawon hannu guda ta tsaya. Na juya na jawo. Ta fito da wani abu baƙi a ƙugiyar. Na wanke shi na sa aljihu. Ba zan rubuta ko mine ne ba.

Asabar, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Ba a yi ruwa ba yau. Na zauna ɗakinta ƙasa, na daɗe.

Daɓen nan ba irin na kowa ba ne. Bayan na binne tiyo na ce zan zuba siminti, buhu biyu sun isa. Ta ce ita ba ta taɓa kwana bisa siminti ba, sanyinsa shiga ƙashi yake, daɓe za ta yi. Na ce da waɗanne ƙafafu? Ta ce, "Da hannu ake daɓe, Magini." Ta aika Karofane anka zo da yayata Hasana, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ta tara matan unguwa sun fi goma. Anka jiƙa makuba kwana uku har ruwan ya yi ja wur. Ran daɓen ran kasuwa ne, sunka kore ni tun safe, don namiji ba ya tsayawa wurin daɓe. Tun daga bakin hanya nake jin madaɓai suna sauka tare, tim, tim, da guɗa da waƙa, muryarta na bisa ta kowa. Mace da ba ta iya taki goma!

Da na dawo da maraice na iske ta zaune bakin ƙofa, hannuwa sun yi ja har gwiwa, fuska na sheƙi. Daɓen ya kwanta lumui, kana ganin inuwarka ciki. Can wajen bangon kudu ta jera tsingaro ta yi da'ira, faɗin faifai babba, tsakiya ta danna tafin hannunta. Na ce wanga fa? Ta ce, "Ado ne. Kai ka san ado?"

Wata biyar ta yi tana taka shi. Damina ta bayan nan ba ta gan ta ba.

Duk abin da ta bari, tufafi an raba, kwanoni kowa na iya sayen irinsu. Wanga hannun ne kaɗai babu irinsa. Kowace safiya in na zuba bokiti sai na durƙusa na sa nawa bisa. Nata ƙarami ne, yatsuna suna wuce shi da gaɓa guda.

Yau da na sa hannu na ji sanyi.

Lahadi, 11 ga Agusta, safe

Na daina zuba bokiti. Karo na farko.

Talata, 13 ga Agusta, azahar

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun safe. Gero ya yi kyau ko'ina, mutane sai murna, ni kaɗai ke duban hadari ina jin haushi. Allah ya yafe min.

Direban motar Keita ya kawo takardar Zaliha, autarmu. Tana can da mijinta, shi yana tuƙi wurin masu aikin tare ƙasa. Ta ce za ta zo Layya. Ta ce in share ɗakin Inna, nan take son sauka.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan asuba

Bangon kudu ya tsage. Daga gindi ya tashi ya karkata ya nufi taga, yatsa na shiga. Na san irin tsagar nan, na sha ganin ta gidajen mutane, na sha ce masu ku fitar da yara yau, kada ku bari gobe. Ƙasa in ta sha ruwa daga ƙarƙashi ba ta da magani sai a kashe ruwan.

To zance ya rage biyu. In na fasa daɓe, ɗaki ya tsaya, hannunta ya tafi. In na bari, ɗakin ya faɗi bisa daɓen, duka su tafi. Ko jaki ya san wanda zai zaɓa. Na ɗauko diga na shiga da ita, na tsaya, na fito da ita.

Juma'a, 16 ga Agusta, maraice

Tun da kayen nan ba shi da baki, bari in faɗa masa.

Abin da waya ta jawo roba ce. Tiyon da na samu bai kai ba, ya rage tsawon hannu guda kafin bango. Ina da guntu, amma mahaɗi babu shi duk Madawa, sai an aika Maraɗi a jira sati biyu ko uku. Ita kuma tana can tana jan ƙafa taki arba'in da biyu. Sai na haɗa baki da baki, na yanka gugan rijiyarta na roba na naɗe, na ɗaure da waya, na lulluɓe da siminti. Tana kwance ɗaya ɗakin tana barcin rana, na yi maza na tura ƙasa. Ni da na yi shekara talatin ina zagin leburori kan kada a binne haɗi ba a bar ramin dubawa ba! Da wani ya yi min haka a shantiye da ranar ya bar aiki. Da ta nemi guga na ce ya faɗa rijiya.

Kuma duk faɗin ɗakin nan, ta rasa inda za ta sa adonta sai daidai bisa wurin. Na auna sau uku daga bango. Tsawon hannu guda, tsakiyar tafinta. Wace irin ƙaddara ce wagga?

Ba rariyar Kalla ba ce. Ba ruwan sama ba ne. Ni ne.

Lahadi, 18 ga Agusta, safe

Na buɗe ƙofar gida na iske azara biyu jingine, masu kauri, an riga an fere kansu don tokara. Babu kowa. Na san sarar gatarin nan, a karkace yake sara tun muna yara. Na shigo da su na tokare bangon ta waje. Ban je na yi godiya ba. Na wuce gindin bedi na kau da kai.

Talata, 20 ga Agusta, hantsi

Na kwashe kayanta daga jikin bangon kudu. Akwatin ƙarfe, jeren kwanoni, ƙoren da ta zo da su daga gidansu da sunan uwarta ƙone a gindi. Cikin akwati na samu tsohuwar hular aikina da na yi ta nema tun muna Buza, shekarar da munka gina makaranta can, muna ɗaki guda, rufin na zuba tana tara kwanoni tana cewa matar magini ta fi kowa jiƙewa. Ashe ita ta ɓoye, don ta ce hular na mai da ni kamar ɗan dako. Na zauna na yi dariya ni kaɗai, daga nan abin ya juye.

Gindin akwatin ya yi tsatsa. Warin ya kama tabarma.

Alhamis, 22 ga Agusta

Diga. Na shiga, na fito.

Asabar, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Zaliha ta iso. Tun daga zaure ta ja mayafi ta rufe hanci. Ta gaishe ni a durƙushe kamar yadda ta saba, ta tashi ta nufi ɗakin, na ce na sa makulli ya ɓace. Ta zagaya baya ta ga azara. Ta dawo ta ce, "Baba, ɗakin Inna faɗuwa zai yi." Na ce damina ce, duk gidajen ƙasa haka suke. Ta ce, "Baba, ɗiyar magini ce ni." Muryar uwarta sak. Na daka mata tsawa na ce ba ta zo gidan nan don ta yi min alƙalanci ba. Ta kai kayanta ɗaya ɗakin.

Da magariba na hango ta ta katanga tana magana da Kalla.

Talata, 27 ga Agusta, ran Layya, maraice

Mun yanka rago. Zaliha ta yi suya can nesa da ɗakin, bayan rumbu. Ta kai ma Kalla cinya ba ta tambaye ni ba, ya aiko da nasa kamar kowace shekara. Da can ran Layya shi ke riƙe min ƙafafun rago yana cewa wuƙata ba ta yanka ko tuwo, Biba na daga ƙofa tana ba shi gaskiya. Yau ni da liman munka yi, babu wanda ya zagi kowa. Naman bai yi min daɗi ba.

Laraba, 28 ga Agusta, azahar

An yi ruwa da iska da hantsi. Muna zaure munka ji rugum. Yaɓen bangon kudu ya zube ta waje tun daga taga har ƙasa, tubala a fili, uku sun fita daga layi. Azarar Kalla ce kaɗai ta riƙe shi.

Zaliha ta ɗauki mayafi ta ce za ta Karofane gaida Gwaggo.

Juma'a, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Sun iso tare, taɓo har gwiwa, motar ta kafe sau biyu a hanya. Yaya Hasana ta tsufa ƙwarai, da sanda take tafiya, amma bakin yana nan. Ko ruwa ba ta sha ba ta miƙo hannu ta ce, "Makulli." Na ce ya ɓace. Ta ce, "Isiyaku, ni na goye ka. Makulli." Na ciro shi daga aljihu.

Ta shiga ta dubi bango, ta dubi ƙasa, ta dube ni. Ta ce, "Wata guda kana zaune cikin wanga ɗoyi, ka kori taubashinka, ka yi ma ɗiyarka tsawa, don mi?" Na ce ba zan fasa mata hannu ba. Na faɗi duka, gaban Zaliha, da guntun tiyo da guga da ƙaryar rijiya. Na ce ita ba ta sani ba har ta koma ga Allah, kuma ga shi ta sa hannunta daidai wurin.

Yaya ta yi ta kallona. Sai ta fara dariya, har ta zauna bisa akwati tana share hawaye. Ta ce, "Kai dai jaki ne tun kana yaro. Ba ta sani ba? Ta ƙofa ta gan ka kana yanka mata guga, kana tsammani barci take. Mace ta yi shekara talatin tana wanke siminti daga rigarka, ka ce ba ta san haɗin banza ba?"

Na jingina da ƙyaure.

Ta ce ran daɓen, ina fita kasuwa Biba ta sa anka tone wurin har sunka iske dunƙulen simintina. Ta sa anka kafa wuyan tsohuwar randa kewaye da shi, ta ciro babban farantin aurenta daga jere ta kifa bisa, sannan anka yi daɓe a kai. Tsingaron kuwa bakin farantin ta bi da su, don ran da za a ɗaga ya rabu daidai nan. Yaya ta ce, "Na ce mata ki gaya mashi mana. Ta ce a'a, don ni ya yi, in ya san na gani kunya za ta hana shi barci. Ta ce Magini ba wawa ba ne, ran da ya yi yoyo zai auna ya ga hannuna, ya gane." Ta buga sanda ƙasa ta ce, "To ga shi ka auna sau nawa ba ka gane ba. Da ka buɗe baki ka gaya ma mutum guda, ko cikin matan unguwar nan, da tun ran farko an gama."

Zaliha na kuka tana dariya. Ni na fita bayan rumbu na daɗe.

Asabar, 31 ga Agusta, azahar

Da asuba na je ƙofar Kalla. Na yi sallama ya fito da buta. Na shirya magana mai tsawo tun jiya, da na gan shi sai ta gudu. Na ce, "Azararka a karkace take." Ya ce, "Ta fi tiyonka." Shi ke nan. Ya koma ya ɗauko cokalin gini da igiya ya biyo ni.

Ban taɓa diga ba. Da bakin wuƙa na bi tsingaron ɗaya bayan ɗaya, ƙasar ta yi taushi don danshi. Da na gama zagaye na ji ƙarfe ƙarƙashi. Ni da Kalla munka sa yatsu munka ɗaga a hankali. Ya taso gaba ɗaya bisa farantin, da hannun da komai, ko tsaga bai yi ba. Zaliha ta karɓa ta kai inuwa.

Ga wuyan randa, ga ruwa baƙi cike da shi, ga simintina ya rabe biyu, robar ta ruɓe, wayar ta cinye. Kalla ya leƙa ya ce, "Wanga aikin babban magini ne?" Na ce, "Rufe min baki, miƙo bokiti." Munka kwashe ruwan, munka tone jiƙaƙƙar ƙasa ta cikin ramin iyakar inda hannu ke kaiwa, munka zuba toka da busasshen yashi. Mahaɗin da ya gagara shekara biyu da rabi, yanzu akwai shi kanti biyu cikin Madawa. Na sa shi, na jira ya kama, na ce ma Zaliha ta zuba bokiti uku a jere. Na sa kunne, na sa yatsa. Ko ɗigo.

Lahadi, 1 ga Satumba, maraice

Bangon kudu ba zai gyaru ba. Kalla ya ce haka, na san haka. Za mu riƙe shi da azara har ruwa ya ɗauke, sannan mu sauke shi mu tada sabo. Tagar da Biba take zama jikinta tana tsefe ma Zaliha kai za ta tafi, da shafen farar ƙasar da ta yi da hannunta. Wanga ba tiyo ya ci shi ba, wata gudan da na yi ina rufe ƙofa ne. Ina jin zafinsa kuma ba ni da wanda zan ɗora ma.

Yaya ta ce in an tada bangon za ta dawo ta tara mata su gyara gefen daɓen, kuma ran nan in nemi kasuwa in tafi.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan asuba

Sun koma jiya, Yaya Karofane, Zaliha Keita. Farantin ya bushe, na mai da shi wurinsa, ya zauna daram cikin da'irarsa.

Na zuba bokiti. Na durƙusa na sa hannuna bisa nata kamar kullum, sannan na ɗaga na duba. A bushe yake. Na ce mata, "Na gani, Biba." Na mayar, na bar ƙofa buɗe ɗakin ya sha iska.